Yadda Jam'iyyar da Ta Zo Ta Uku Ta Kafa Gwamnatin 'Yancin Kai

Ranar Asabar, 12 ga Disamba 1959, 'yan Nijeriya suka fita zaɓen da zai fitar da waɗanda za su karɓi mulki daga hannun Turawan Ingila. Da aka gama ƙirge, jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe ce a kan gaba da ƙuri'a kusan miliyan 2.6. AG ta Cif Obafemi Awolowo ta biyo baya da kusan miliyan 2. NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ita ce ta uku da miliyan 1.9 da 'yan kai. NEPU ta Malam Aminu Kano ta tashi da wajen rabin miliyan.

Amma ranar 1 ga Oktoba 1960, wanda ya tsaya a filin sukuwa na Legas ya yi jawabin 'yancin kai a matsayin Firayim Minista shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Balewa na NPC. Mai ta ɗaya bai hau ba, mai ta biyu ya koma jagoran adawa, jam'iyyar da ta zo ta uku ta kafa gwamnati. Kuma wanda ya hau ɗin ma ba shi ne shugaban jam'iyyar ba, mataimaki ne. Yaya aka yi haka?

Amsar tana da hawa-hawa, kuma wanda ya bi ta har ƙarshe zai gane yadda ake gina gwamnatin ƙasa a kan kujerun wakilai, a jiya da kuma yau.

Zargin farko: an yi maguɗi ne?

Abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne an murɗe zaɓen, ko kuma Turawa ne suka miƙa wa nasu. Wannan zargi yana da tushe, bai kamata a share shi ba. A Arewa ta wancan lokaci En'e ce ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari, ita ce kuma ke ba da izinin taron siyasa. Manyan ma'aikatanta da yawa su ne 'yan takarar NPC. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala da kora daga garuruwansu, haka ma magoya bayan AG da abokan ƙawancenta. Ba kuma boyayyen abu ba ne cewa jami'an mulkin mallaka sun fi samun natsuwa da shugabannin Arewa fiye da na Kudu.

Sai dai wannan duka yana bayyana abu guda ne kawai, wato dalilin da ya sa NPC ta fi ƙarfin abokan hamayyarta a cikin Arewa. Bai warware ainihin tambayar ba. Alƙaluman da suka sa NPC a matsayi na uku ba wanda ya ɓoye su. Da maguɗi ne ya ba ta mulki, ai da an kumbura mata ƙuri'u har ta zo ta ɗaya. An bar ta a ta uku, kuma ta hau mulki bisa doka. Ke nan sirrin yana cikin dokar kanta.

Ba zaɓe ɗaya aka yi ba

Mu da muka tashi muka ga ana dangwala wa ɗan takarar shugaban ƙasa, mukan ɗauka haka abin yake tun asali. A 1959 babu wanda ya jefa wa Azikiwe ko Awolowo ko Balewa ƙuri'ar shugabancin ƙasa. Tsarin Ingila ake bi, inda jama'a ke zaɓen 'yan majalisa, gwamnati kuma ta fito daga cikin majalisa. An yanka ƙasar zuwa mazaɓu 312, kowace ta aika da mutum ɗaya Majalisar Wakilai a Legas. Mai zaɓe zai shiga bayan labule ya tarar da akwatuna, kowane da alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. Ya jefa takardarsa a wanda yake so, ya fito.

Saboda haka zaɓe 312 aka yi a rana ɗaya, kowane da nasa gwani. Jimillar ƙuri'un ƙasa baki ɗaya lissafi ne na jarida da masu tarihi, doka ba ta san da shi ba. Abin da doka ta sani shi ne kujera. Idan aka koma ga kujeru kuwa sai jerin ya juye: NPC 134, NCNC 81, AG 73, NEPU 8, ragowar 16 kuma ƙananan jam'iyyu da 'yan indifenda suka raba.

Wannan ya buɗe ƙofa ɗaya, amma ya kai mu ga wata. Idan aka raba ƙuri'u da kujeru, kowace kujerar NPC ta tashi a kan ƙuri'a wajen 14,000. Ta AG wajen 27,000, ta NCNC wajen 32,000, ta NEPU kuwa sama da 63,000. Me ya sa kujera ta yi wa wata jam'iyya araha, ta yi wa wata tsada haka?

Rabon kujeru

Sai a duba yadda aka raba mazaɓun tun kafin a buga gangar zaɓe. Jihar Arewa ta sami 174, Jihar Gabas 73, Jihar Yamma 62, Legas 3. Wato Arewa ita kaɗai ta fi sauran a haɗe da kujera 36.

Wannan rabo yana da tarihi. A babban taron Ibadan na 1950, wakilan Arewa, Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina na cikinsu, sun tsaya kai da fata cewa a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, in ba haka ba za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar. Hujjarsu ita ce yawan jama'a. Aka amince. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba Arewa 68, Gabas da Yamma 34 kowace. Na Lyttleton na 1954 ya ba ta 92 cikin 184. A tarurrukan tsarin mulki na Landan na 1957 da 1958 aka ƙara mataki: daga yanzu yawan jama'a kai tsaye za a bi, kusan mutum 100,000 ga kowace mazaɓa. Ƙidayar da ake da ita a hannu ita ce ta 1952 zuwa 1953, wadda ta nuna mutum miliyan 30 da 'yan kai, Arewa na da kusan miliyan 17. Kashi 55 cikin 100 ke nan, kujeru 174 cikin 312 kuwa kusan kashi 56 ne. Lissafin ya yi daidai.

To amma a nan wani sabon kulli ya bayyana. Idan Arewa ce ke da fiye da rabin jama'a, ya kamata a ce ita ce ke da fiye da rabin masu zaɓe. Rajista ta nuna akasin haka. Cikin mutum wajen miliyan 9 da suka yi rajista, na Arewa wajen miliyan 3.6 ne kawai, na Kudu kuwa sun kusa miliyan 5.4. Ba kuma ƙin fita 'yan Arewa suka yi ba, don fitowarsu ranar zaɓe ta fi ta kowace jiha. Wannan ne karo na farko da duk Arewa ta zaɓi wakilan tarayya kai tsaye, domin a 1954 ta hanyar wakilan wakilai aka bi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi. Ina sauran mutanen suka shiga?

Waɗanda aka ƙirga amma ba a tambaya ba

Suna cikin gida. A zaɓen 1959 matan Gabas da na Yamma da na Legas sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Doka ta ba balagaggun maza kaɗai wannan dama a Jihar Arewa. Shugabannin NPC sun ce lokaci bai yi ba, al'ada da yanayin jama'a ba za su ɗauka ba. NEPU ta ce a ba su, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan fafutukar siyasarta, wadda wannan haƙƙi ke cikin ginshiƙanta.

Nan ne zuciyar al'amarin. Ranar da malaman ƙidaya suka zaga, an rubuta macen Arewa a matsayin mutum, an sa ta cikin miliyan 17 ɗin da suka jawo kujeru 174. Ranar zaɓe kuwa ba a ba ta takarda ba. Da kanta aka sami kujerar, amma ba da bakinta aka zaɓi wanda zai zauna a kai ba. Shi ya sa mazaɓar Arewa da ta Kudu suke da jama'a kusan daidai, amma masu rajista a ta Arewa ba su wuce 21,000 ba a matsakaici, a ta Kudu kuwa sun kai wajen 39,000. Ɗan majalisa daga Katsina ko Bauchi yana wakiltar mutane daidai da ɗan majalisa daga Onitsha, sai dai rabin ƙuri'un da wancan ke buƙata sun ishe shi.

Da wannan an gane dalilin da ya sa jimillar NPC ta yi ƙasa. Jam'iyya ce da duk kujerunta 134 a Arewa ta same su, a yankin da rabin balagaggunsa ba sa zaɓe. Matsayi na uku da ta zo bai auna yawan jama'ar da ke bayan kujerunta ba, ya auna yawan mazan da aka bari su yi magana a madadinsu ne. Matan Arewa ba su sami wannan haƙƙi ba sai a 1976, ba su kuma zaɓi shugabannin tarayya ba sai a 1979.

Mai rinjaye ya kwashe duka

Saura bayanin NEPU, wadda ita ma a Arewa take, amma kujera ta fi yi mata tsada fiye da kowa. Dalili shi ne ƙa'idar cin mazaɓa. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da ɗaya ya fi. Kamar kokawar rago ce a dandali: wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ke jan ragon gida, wanda ya sha ƙasa ba a yanka masa ko ƙafa, komai daɗewar da ya yi yana turjiya.

NEPU tana da masoya a Kano da Zariya da Katsina da Jos da sauran birane da kasuwanni, amma a warwatse suke. A mazaɓu da yawa ta zo ta biyu, ƙuri'un nan kuma ba su haifi komai ba. Malam Aminu Kano ya ci tasa kujerar ta Kano ta Gabas, amma mutum takwas kacal jam'iyyar ta kai Legas. AG ta kashe kuɗi mai yawa a Arewa, har da jirgi mai saukar ungulu Awolowo ya yi yawon neman ƙuri'a. Ta sami kujeru 25 a can, mafi yawansu a inda abokan ƙawancenta ke da ƙarfi, musamman UMBC ta Joseph Tarka a ƙasar Tibi da sauran yankunan tsakiya. Da adawa ta rabu biyu, sai NPC ta kwashe kashi 77 cikin 100 na kujerun Arewa da ƙuri'a wajen kashi 60 cikin 100. NCNC kuwa ta tara ƙuri'u masu ɗimbin yawa a mazaɓun Gabas da ta riga ta ci, rarar kuma ba ta ƙara mata kujera ko ɗaya ba.

Lissafin 157

Har yanzu da sauran rina a kaba. Rabin 312 shi ne 156, mai son kafa gwamnati kuwa sai ya tara 157. NPC na da 134. Ko da ƙananan jam'iyyu da 'yan indifenda suka mara mata baya, 148 ta kai. A ɗaya gefen, NCNC da abokiyar ƙawancenta NEPU suna da 89, AG na da 73. In aka haɗa, 162 ke nan, sun haura abin da ake nema. Awolowo ya nuna a shirye yake ya yi aiki a ƙarƙashin Azikiwe. Me ya hana?

Abu na farko tsohuwar gaba ce. 'Yan NCNC ba su manta da 1951 ba, lokacin da suke ganin AG ta janye musu 'yan majalisa a Ibadan ta hana Azikiwe jagorancin Yamma. 'Yan NCNC na Yamma, waɗanda suka kawo kujeru 21, kullum cikin fafatawa suke da gwamnatin AG a gida, ba su ga yadda za su zauna inuwa ɗaya da ita ba. AG kuma tana goyon bayan a yanke wa ƙananan ƙabilun Gabas jiharsu, abin da NCNC ke kallo a matsayin yunƙurin rage mata ƙarfi. Na biyu sabo ne: NPC da NCNC suna aiki tare a majalisar ministoci tun bayan zaɓen 1954, Balewa kuma yana kan kujerar Firayim Minista tun 1957. Na uku tsoro ne. Gwamnatin Kudu zalla, wadda ta bar jihar da ta fi kowace girma a waje ana saura watanni a sami 'yanci, tana iya sa Arewa ta ce a raba gari.

Gwamna Janar Sir James Robertson ya kira Balewa ya kafa gwamnati, a matsayinsa na jagoran jam'iyyar da ta fi yawan kujeru a majalisa. NCNC ta shiga, aka raba ma'aikatu, Cif Festus Okotie-Eboh ya riƙe ta kuɗi. Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa, sannan Gwamna Janar ranar 16 ga Nuwamba 1960, sannan shugaban ƙasa na girmamawa a 1963. Awolowo ya zama jagoran adawa. NEPU kuwa ta wayi gari a ɓangaren gwamnati a Legas tare da jam'iyyar da take yaƙa a Kano, saboda igiyar ƙawancenta da NCNC.

Sai tambaya ta ƙarshe: don me Balewa, ba Sardauna ba? A wancan tsari, ba ya yiwuwa mutum ya zama Firayim Minista sai yana da kujera a Majalisar Wakilai. Azikiwe da Awolowo sun bar firimiyancin jihohinsu suka tsaya takarar tarayya, Michael Okpara da Samuel Akintola suka gaje su. Sardauna bai tsaya ba. Ya zaɓi ya zauna Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa, domin jihohin lokacin suna da iko mai faɗi, kuma daga can ne ake riƙe da kujeru 174 ɗin da Legas ke dogaro da su. Mataimakinsa a jam'iyya, ɗan majalisa daga Bauchi, shi ya jagoranci 'yan NPC a majalisa, shi ya zama Firayim Minista.

Abin da wannan lissafi ya haifar

'Yan siyasar Kudu sun karanta darasin sarai: muddin kujera na bin ƙidaya, wanda ya ci ƙidaya ya ci mulki. Daga nan ƙirga mutane ya zama fagen daga. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima. Ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.6, Arewa na da kusan miliyan 30, ta kuma riƙe kujeru 167 cikin 312. Ƙawancen NPC da NCNC ya watse, zaɓen Disamba 1964 ya zo da ƙauracewa da tashin hankali, ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko, aka kashe Balewa da Sardauna da Akintola da Okotie-Eboh. Majalisar Dattawa ta lokacin ba ta iya zama birki ga rinjayen Majalisar Wakilai ba, don naɗa 'ya'yanta ake yi, ikonta kuma bai wuce ta jinkirta doka ba.

Kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ya zauna ne da wannan tarihi a gabansa. Kusan kowane ginshiƙi na tsarin da muke kai yau amsa ce ga 1959. An raba zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa, domin jama'a su zaɓi shugaba da hannunsu. An ce rinjaye kaɗai bai isa ba, sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada yanki ɗaya ya naɗa shugaba shi kaɗai. Wannan sharaɗi ne ya kai Alhaji Shehu Shagari da Awolowo gaban Kotun Ƙoli a 1979, a kan ko nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Duk da sabon tsarin, NPN ta Shagari kujeru 168 ta samu cikin 449, sai da ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe kafin ta iya tafiyar da majalisa.

Tsarin mulkin 1999 ya ci gaba a kan wannan turba. Majalisar Wakilai na da kujeru 360 da ake rabawa bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano da Legas ke da 24 kowace, Bayelsa da Nasarawa 5 kowace. Majalisar Dattawa na da 109, uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja, babba da ƙarama duk ɗaya. Doka ba ta wucewa sai majalisun biyu sun amince. Ministoci ba sa zama 'yan majalisa, wanda aka naɗa daga can sai ya bar kujerarsa, kuma dole kowace jiha ta sami aƙalla minista ɗaya.

Amma tsohuwar matsalar ba ta mutu ba. Mazaɓun da muke zaɓe a kansu an shata su ne tun zamanin mulkin soja a shekarun 1990, ƙidaya ta ƙarshe kuma tun 2006 aka yi ta. Garuruwa sun cika sun batse, wasu yankuna sun ragu, kujerun suna nan yadda suke. Matan Arewa yanzu su ke cika layin zaɓe tun da sassafe, amma waɗanda ke zaune a zauren majalisa daga cikinsu ba su taka kara sun karya ba.

Jam'iyyar da ta zo ta uku ta yi mulki a 1959 ne saboda abubuwa huɗu: kujera ake ƙirgawa ba jimillar ƙuri'a ba, kujera na bin ƙidaya, an ƙirga matan Arewa an hana su zaɓe, kuma manyan jam'iyyun Kudu biyu sun kasa haɗa kai. Uku daga cikin huɗun nan an yanke su ne a teburin tsara doka, tun kafin a kafa rumfar zaɓe ko ɗaya. Don haka mai karatu, in an zo maganar ƙidaya, ko shata mazaɓu, ko gyaran tsarin mulki, kada ka ce wannan ta manya ce. Ka san sunan mazaɓarka, ka san wanda ke zaune a kujerarta da abin da yake yi a can, ka kuma tabbatar matarka da 'yarka da mahaifiyarka suna da katin zaɓe, suna kuma zaɓen wanda ransu ya kwanta da shi.